Rabi da sulusi: nazarin lamarin wata ɗalibar aji shida a birnin Katsina

Yarinyar da wannan nazari ya shafa shekarunta 11, tana aji shida na firamare, gidansu yana cikin birnin Katsina ta wajen Ƙofar Marusa. Zan riƙa kiranta Auta, don ita ce autar ɗakinsu. Mahaifiyarta tela ce, tana ɗinki a cikin gida da keken ƙafa. Kakanta na wajen uba malamin zaure ne, irin waɗanda ake zuwa wurinsu bayan rasuwa su fitar wa mutane lissafin gado. Ni kuwa darasin yamma nake koyarwa a tsakar gidana, abin da yara ke cewa lesin, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, kwana uku a mako. An kawo min ita ne saboda jarrabawar shiga sakandare ta matso, ga shi jan biro ya yi yawa a littafinta na lissafi.

Mahaifiyarta da kanta ta kawo ta. Ta ce, "Malama, ɗiyar nan ba daƙiƙiya ba ce. In na aike ta kasuwa sayen zare da zif, ba a taɓa cutarta a canji ba. Amma wannan na sama da ƙasa ɗin ya gagare ta." Na sama da ƙasa shi ne juzu'i, wanda a aji ake kira furakshan.

Ranar farko ban koya mata komai ba. Tambayoyi goma na ba ta, don in ga inda gizo ke saƙa. Huɗu na farko lambar ƙasansu ɗaya ce, irin su 1/5 + 2/5 da 2/9 + 5/9, duk ta cinye su ba tare da ta ɗaga kai ba. Sauran shidan, waɗanda lambar ƙasansu ta bambanta, duk ta faɗi, kuma faɗuwa iri ɗaya. Ga 1/2 + 1/3 ta rubuta 2/5. Ga 1/4 + 1/6 ta rubuta 2/10. Ga 2/3 + 1/4 ta rubuta 3/7. Sai ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsa da rula, tsaf-tsaf. Wannan ya kwantar min da hankali. Yaron da kuskurensa ke watse, yau nan gobe can, shi ne mai wahalar sha'ani. Wanda yake kuskure iri ɗaya sau shida, wata doka yake bi a kansa, kuma ba zai sake ta ba sai an gano daga ina ya ɗauko ta.

Da na buɗa littafinta na makaranta na ga tushe ɗaya. A zangon da ya wuce an koya musu ninka juzu'i da juzu'i, inda dokar take daidai: sama sau sama, ƙasa sau ƙasa, 1/2 sau 1/3 ya ba da 1/6. Duk wannan shafin alamar daidai ce daga sama har ƙasa. Yarinya mai tunani za ta ce, tunda ninkawa haka take, tarawa ma haka za ta kasance. Na ɗauka shi ke nan na gano cutar. Ashe akwai saura.

Na fara da abin da kowane malami zai fara da shi. Na ce, "Auta, in kina da rabin gurasa, aka ƙara miki sulusi, abin hannunki ya ƙaru ko ya ragu?" Ta ce, "Ya ƙaru mana, Malama." Na ce to biyu bisa biyar ya kai rabi? Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, ta ce rabin biyar biyu da rabi ne, don haka bai kai ba. Na ce kin ga, an ƙara miki abu amma amsarki ta ce kin ragu. Na gyara zama ina jiran ta miƙa wuya. Sai ta ce, "Ai na gurasa daban, na littafi daban."

Ba rashin kunya take yi ba, da gaske take. A wurinta lissafin aji wani wasa ne mai dokokinsa, ba ruwansa da abin da ke faruwa a kasuwa ko a madafa. Yara da yawa haka suke, sai dai ba kowa ke da bakin faɗa ba.

A darasi na biyu na yi kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Na zana gurasa biyu a allo. Ta farko na raba ta biyu na shafe yanki ɗaya da alli, ta biyu na raba ta uku na shafe ɗaya. Na ce ta duba da kyau ta faɗa min abin da ta gani. Ta taso, ta sa yatsa tana ƙirgawa: yankuna biyar gaba ɗaya, biyu a shafe. Ta juyo tana murmushi, "Ga shi nan, Malama, biyu bisa biyar." Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Da hannuna na zana mata hujjar kuskurenta. Laifin zanen ne: na sa gurasa biyu a gabanta, alhali tambayar tana magana ne a kan gurasa ɗaya da ake auna komai da ita. Kuma ita ba ta damu da cewa yankin rabi ya fi na sulusi girma ba, yanki dai yanki ne.

Kafin in farfaɗo daga wannan ta ƙara min da wata. Ta zaro katin sakamakonta daga jaka ta nuna min layin Hausa. A gwaje-gwajen zango ta ci 30 bisa 40, a jarrabawa ta ci 45 bisa 60, jimilla an rubuta 75 bisa 100. Ta ce, "Malaminmu ma ai haka ya yi. Ya tara na sama, ya tara na ƙasa. Shi ma ya yi kuskure ke nan?"

Wannan ce asalin dokar da ke kanta, kuma ba zan ɓoye ba, na kwana ina juya ta. Malaminsu bai yi kuskure ba. Amma abin da ya yi ba tara juzu'i ba ne, ko da yake rubutun ya yi kama. A katin sakamako ɗan yankin da ake ƙirgawa girmansa ɗaya ne, maki ɗaya maki ɗaya ne ko a gwaji ko a jarrabawa. Abin da ke ƙaruwa shi ne dukkan abin, daga 40 ya koma 100. A tara juzu'i kuwa dukkan abin tsayayye ne, gurasa ɗaya ce ko yadi ɗaya, girman yankunan ne ya bambanta. Kuma katin nata ya taimake ni ta inda ban zata ba. 30 bisa 40 uku bisa huɗu ne. 45 bisa 60 ma uku bisa huɗu ne. 75 bisa 100 shi ma uku bisa huɗu. Na ce mata, wace irin tarawa ce za a haɗa uku bisa huɗu da uku bisa huɗu a tashi da uku bisa huɗu? Wannan hanya kullum tsakiya take ajiye mutum. Duba 2/5: ya fi sulusi, bai kai rabi ba, yana tsakaninsu. Duba 3/7: ya fi rubu'i, bai kai sulusi biyu ba. Hanya ce ta gano matsakaicin ƙoƙari, ba ta ƙara abu a kan abu ba. Ta saurare ni, ta gyaɗa kai, amma na san gyaɗa kan ladabi in na gan shi.

Ranar Asabar na kai wa mahaifiyarta ɗinki, sai na zauna. Tana yanka wata atamfa, tef rataye a wuyanta. Na roƙe ta tef ɗin da wani ƙyalle da ya rage, muka yanko tsiri mai tsawon yadi ɗaya cif. Na tambayi Auta inci nawa ne yadi, ta ce 36, wannan ko a barci ta sani. Rabin yadi fa? 18. Sulusin yadi? Ta ɗan tsaya, mahaifiyarta ta ce daga kan keke, "Sha biyu, ke ma sai ka ce ba a ɗakin nan kika tashi ba." Na ce to a ce hannun riga zai ci rabin yadi, wuya zai ci sulusin yadi, ki auna min a kan wannan tsiri ɗaya, ki fara na biyu daga inda na farko ya tsaya. Ta auna 18 ta sa alli, ta ɗora 12 ta sa alli, ta karanta tef: 30. Na ce inci 30 cikin nawa? Ta ce cikin 36. Na ce to nuna min inda biyu bisa biyar na yadi zai tsaya. Muka lissafa tare, inci 14 da ɗan ɗoriya, bai ko kai alamar allin farko ba. Mahaifiyarta ta yi dariya ta ce in ta yanka mata haka, rigar sallah za ta fito da hannu ɗaya.

Abin da tef ya yi wanda zanena bai yi ba shi ne, ya tilasta mata juya rabi da sulusi zuwa ma'auni ɗaya kafin ta tara. Ba wanda ya ce mata ta nemi lambar ƙasa ta tarayya, inci ne ya zama ita. Daga nan na naɗe tsirin gida shida daidai, kowane ninki inci shida. Alamar rabi ta faɗo a kan ninki na uku, sulusi ya ci ninki biyu, alama ta ƙarshe ta tsaya a kan na biyar. Inci 30 cikin 36, ninki biyar cikin shida, wuri ɗaya ne a jikin ƙyalle. A zama ɗaya ta ga yadda ake haɗawa, ta kuma ga abin da ake nufi da rage amsa, wato ba tsawon ne ke raguwa ba, an dai auna shi da ma'auni mafi girma.

A nan na canza yadda nake magana da ita, kuma ina ganin wannan ya fi komai tasiri. Na daina cewa ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa uku. Faɗin haka lambobi biyu yake jefa wa kunnen yaro, hannunsa kuma ya yi ta ƙaiƙayin tara su. Na koma ga sunayen da muke da su tun da: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, tumuni, tusu'i, ushiri. Sudusi uku da sudusi biyu, sudusi biyar. Ba mai cewa tiya uku ta gero da tiya biyu sun zama abu biyar na tiya-tiya, tiya dai tana nan tiya. Kuma ba mai haɗa buhu ɗaya da tiya ɗaya ya ce yana da biyu, sai ya fara sanin tiya nawa ce a buhun. Lambar ƙasa suna ce, tana faɗin girman ma'auni. Lambar sama ce ƙirga. Ban san dalilin da ya sa muke barin waɗannan sunaye a bakin ƙofar aji ba, alhali yaro yana jin ushiri a zakkar hatsi, yana jin tumunin takaba a bakin manya.

Cikin mako biyu ta bar tara lambobin ƙasa. Amma tsugune ba ta ƙare ba, don ta kama wata hanya guda ta riƙe ta gam: kullum sai ta ninka lambar ƙasa da lambar ƙasa. Hanyar daidai ce, ba ta taɓa ba da amsar ƙarya. Ga 1/2 + 1/3 tana ba da 6, ba abin da ya fi. Ga 1/4 + 1/6 tana ba da 24, a samu 10/24, a rage zuwa 5/12, da sauƙi. Amma da na ba ta 5/12 + 3/20 sai ta hau 240, ta fito da 100 da 36, ta tara 136/240, ta tsaya tana kallonsa kamar wanda ya tarar da kura a zaure. Ta raba biyu ta samu 68/120, ta ja layi. Na ce da saura. Ta gaji, ta ɗebe biyu daga sama ta ɗebe biyu daga ƙasa, 66/118. Tsohuwar cutar ce ta dawo da sabuwar riga: abin da aka yi wa sama a yi wa ƙasa, ba tare da tambayar ko abin ya halatta ba. A makaranta an koya musu L.C.M., wato neman ƙaramar lambar da lambobi biyu ke shiga cikinta ba saura, da tebur mai layuka, tana iya yinsa in an ce ta yi, amma ba ta ga dangantakarsa da juzu'i ba. A wurinta wani babi ne da aka wuce.

Wanda ya warware wannan ba ni ba ce. Wata Asabar ɗin ina fitowa daga cikin gidan na durƙusa gaida kakanta a zaure, ga Auta biye da ni da littafi. Ya ce, "Malama, mi amaryar tawa ke ta fama da shi haka, ko tuwo ta daina kawo min?" Na ce, "Allah gafarta Malam, haɗa juzu'i ne." Ya karɓi littafin ya nisanta shi da idonsa, ya ga 240, ya yi dariya ya ce wa zai je Daura ta Funtuwa.

Ya jawo wata takarda ya ba ta mas'ala irin tasu. Mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da ɗa namiji. Matar tana da tumuni saboda akwai ɗa, uwar tana da sudusi, abin da ya rage na ɗan ne. Ya ce ta fitar masa da abin da mata da uwa za su ɗauka a haɗe. Ta ninka takwas da shida ta ce 48. Ya ce ya yi, amma tsaya, takwas da shida suna da abin da suka yi tarayya a ciki? Ta ce biyu na shiga kowanne. Ya ce to sun dace a rabi ke nan, ɗauki rabin ɗaya ki ninka da ɗayan gaba ɗaya. Huɗu sau shida, 24. Mata uku, uwa huɗu, bakwai cikin 24, ɗa ya kwashi 17. Ya ce wannan 24 ɗin shi suke kira asalin mas'ala. Na sa baki na ce a gwada tsohuwar hanyar Auta a kan dukiyar naira miliyan 2 da dubu 400. Mata dubu 300, uwa dubu 400, jimilla dubu 700. Da an tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, 2/14 za a samu, wato subu'i, kusan dubu 343, abin da bai kai rabon uwar ita kaɗai ba. Tsohon ya ce wanda ya yi wannan rabo ya shirya amsa a gaban alƙali, ya kuma shirya wata a lahira.

Sai ya jero mata yadda malaman fara'ili, wato ilimin rabon gado, ke duban lambobi biyu, hali huɗu ne ba na biyar. In iri ɗaya ne, kamar shida da shida, tamasuli ke nan, ɗauki ɗaya. In ƙaramar na shiga cikin babbar, kamar uku da shida ko biyu da takwas, tadahuli, ɗauki babbar. In ba ta shiga amma akwai lambar da ke raba su duka, kamar takwas da shida, tawafuƙi, sai a yi yadda ta yi yanzu. In ba abin da ya haɗa su, kamar uku da huɗu ko uku da takwas, tabayuni, a nan ne kawai ake ninka su kai tsaye. Ina zaune ina jin L.C.M. ɗin da nake koyarwa da tebur, an mayar da shi tambaya ɗaya da yaro zai yi wa lambobi biyu: mene ne tsakaninku? Rabon da Alƙur'ani ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, guda shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Shi ya sa asalan mas'alolin ba sa wuce bakwai, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, kuma 24 ce ƙaramar lambar da dukkan sauran ke shiga cikinta.

Ba abin mamaki ba ne a sami wannan a zauren Katsina. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bi ta babin gado. Littafin aljabara na Alhawarizmi, wanda aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, babban ɓangarensa lissafin wasiyya da gado ne. Garin nan kuma shi ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Tsohon bai ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, shi dai yana yi ne yadda malaminsa ya yi masa.

Auta ta koma kan 5/12 + 3/20 da kanta. Sha biyu da ashirin, huɗu na shiga kowanne, rubu'in sha biyu uku ne, uku sau ashirin 60. Ta samu 25 da 9, 34/60, ta raba biyu, 17/30. Ta lura cewa ko da an bi gajeriyar hanya, amsa na iya bukatar ragewa, kamar yadda 1/6 + 1/10 ke ba da 8/30 kafin ya koma 4/15. Na tambayi tsohon yadda yake gane abin da lambobi biyu suka dace a kai in sun yi girma. Ya ce ɗebewa ake yi, a yi ta cire ƙaramar daga babbar. Ya gwada da nata: 136 daga 240 saura 104, 104 daga 136 saura 32, a cire 32 daga 104 sau uku saura 8, takwas kuma ta cinye 32 ba saura. To takwas ce. Raba 136 da 240 da takwas, 17/30 a taki ɗaya. Wannan ita ce hanyar da masanin lissafi Iƙlidis ya rubuta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ni a kwaleji na karanta ta, ban taɓa tunanin koya wa 'yar aji shida ba. Auta ta fi son ta a kan tebur, don ɗebewa ba ta ba ta tsoro.

Kafin mu tashi ya ɗana mata tarko. Mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da 'ya'ya mata biyu: rubu'i, sudusi, da sulusi biyu. Ta fitar da 12, ta rubuta uku, biyu, takwas, ta tara, ta sake tarawa, ta ɗago a firgice ta ce, "Kaka, gadon bai isa ba, sha uku ne cikin sha biyu." Ya ce ba ki yi kuskure ba, wannan shi ake kira auli, sai a raba dukiyar gida 13 kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa. Ya ba ta labarin mas'alar da ake ruwaitowa an yi wa Sayyidina Aliyu yana kan mumbari: mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Uku, 16, huɗu, huɗu, 27 a kan asalin 24. Sayyidina Aliyu ya amsa nan take cewa tumunin matar ya koma tusu'i. Tsohon ya tsaya ya dube ta. Ta rubuta 3/27, ta raba sama da ƙasa da uku, ta ce, "Ɗaya bisa tara." Ya ce tusu'i, amarya, ki kira shi da sunansa.

Ba fara'ili nake koya mata ba, sanin wa ke gado da wa ke kange wa aikin malamai ne. Abin da na ɗauka daga zauren shi ne tambayar nan ta tsakanin lambobi, da kuma cewa amsar da ta haura ɗaya ba abin tsoro ba ce. Mako na gaba muka shiga masu cikakkiyar lamba a gaba. Mahaifiyarta ta ba da nata misalin: riga yadi biyu da kwata uku, ɗankwali da gyara yadi ɗaya da sulusi biyu. Auta ta mayar da su 9/12 da 8/12, ta samu yadi uku da 17/12, ta fitar da yadi guda daga ciki, yadi huɗu da 5/12. Uwar ta auna da tef ba ta duba takarda ba, inci 99 da inci 60, 159, wato yadi huɗu da inci 15. Auta ta lissafa 5/12 na 36, ta samu 15, ta buga tsalle har ta ture kwanon maɓallai.

Bayan hutun makonni uku na sake ba ta tambayoyi goman nan na ranar farko, na ƙara biyar masu wuya, na kuma sa agogo don in matse ta kamar yadda za a yi a ɗakin jarrabawa. Ta ci 13. Ɗaya ta faɗi ne a ninkawa, ta ce bakwai sau takwas 54. Ɗayar kuwa ita ce ta kusa da ƙarshe, lokacin da na ce saura minti biyu: 2/3 + 1/5, ta rubuta 3/8. Da na miƙa mata takardar ban ce komai ba, ta duba, ta ce, "Kai, bai ma kai rabi ba," ta gyara shi zuwa 13/15. Tsohuwar dokar tana nan kwance a ƙasa, gaggawa ce ke tashe ta. Don haka na sa mata ƙa'ida cewa kafin ta taɓa kowace tambaya ta rubuta a gefe ko amsar za ta haura rabi ko za ta haura ɗaya, ta kuma duba bayan ta gama. Ɗebe juzu'i daga juzu'i za mu shiga ranar Litinin, na riga na aika a ce wa mahaifiyarta ta ajiye min wani tsirin ƙyallen.